Zanen "Yahuza da Tamar" na Horace Vernet: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya ci karo da wannan zane, ko a intanet, ko cikin littafin tarihin zane-zane, ko a bangon gidan tarihi na Wallace da ke Landan, tambayoyinsa ba sa wuce waɗannan: wace ce matar nan, me mutumin yake miƙa mata, me ya kawo raƙumi, kuma me ya sa mutanen Attaura suka fito da shigar Larabawan daji. An tattaro su a nan, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. Iyaye da malamai su sani tun farko cewa zanen yana da tsiraici, labarin da ke bayansa kuma na manya ne.

Wane zane ne wannan, kuma wa ya yi shi?

Hoton fentin mai ne a kan ƙyalle mai kauri, wanda Bafaranshe Horace Vernet ya yi a 1840. Tsayinsa ya kusa santimita 130, faɗinsa bai cika mita ɗaya ba. An nuna shi ga jama'a a 1843 a babban baje kolin zane na Paris da ake kira Salon, yanzu kuma yana Landan. An ɗauko labarinsa daga Littafin Farawa, littafin farko na Attaura, sura ta 38.

Me ake gani a cikinsa?

Mutum biyu ne da dabba ɗaya a gefen hanya, a ƙasa mai duwatsu. Tamar na zaune cikin farar tufa. Da hannu ɗaya ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, idanu kawai suka fito, ɗaya hannun kuma ta miƙo shi don karɓar abin da ake ba ta. Tufar ta zame, ƙirjinta da ƙafarta a buɗe. Yahuza ya sunkuyo kanta, mutum ne mai gemu da rana ta dafa, da mayafin ka da alkyabba irin ta makiyayan Larabawa, yana miƙa mata sandarsa da sauran abin da ta nema jingina. A bayansu raƙumi ne da sirdi da ado.

In ka matso kusa, abin da zai fara kama idonka shi ne aikin tufafi. Kowane ninki na ƙyalle ya fito, ana rarrabe mai kauri da mai laushi, tuntayen sirdin raƙumi kamar ka sa hannu ka taɓa. Fentin sumul yake, da wuya ka ga sawun buroshi. Vernet ya so ka ji kamar a gabanka abin ya faru.

Wane labari ne zanen yake bayarwa?

Yahuza ɗaya ne daga 'ya'yan Yakubu goma sha biyu. Nassin ya ce ya rabu da 'yan'uwansa ya zauna kusa da wani abokinsa Hira, mutumin Adullam, ya auri Bakan'aniya, ta haifa masa maza uku: Er, Onan da Shela. Ya aurar wa Er wata yarinya, Tamar. Er mugu ne, Allah ya kashe shi bai bar ɗa ba. Bisa al'adar mutanen, aka ce Onan ya ɗauki matar wansa ya samar wa mamacin magaji. Onan yakan kusance ta, amma da gangan yake hana ta ɗaukar ciki, shi ma ya mutu. Sai Yahuza ya ce wa Tamar ta koma gidan ubanta ta zauna har Shela ya girma. A ransa kuwa ba shi da niyyar ba ta Shela, don yana tsoron kada shi ma ya bi 'yan'uwansa.

Aka yi shekaru. Shela ya girma, ba wanda ya aika wa Tamar. Matar Yahuza ta rasu, da ya gama makoki ya tashi zuwa Timna inda ake yi wa tumakinsa aski. Tamar ta ji labari. Ta tuɓe kayan takaba, ta yi lulluɓi, ta je ta zauna a mashigar Enayim a kan hanyar. Yahuza ya gan ta, ya zaci karuwa ce saboda fuskarta a rufe, ya neme ta. Ta ce me zai ba ta, ya ce ɗan akuya daga garkensa. Ta ce to, kafin ɗan akuyan ya iso, sai ya bar jingina: hatiminsa, da igiyar hatimin, da sandar hannunsa. Wannan daƙiƙar ce Vernet ya zana.

Daga baya Yahuza ya aiki Hira da ɗan akuyan, aka nemi matar aka rasa, mutanen wurin suka ce su ba su san wata karuwa a nan ba. Yahuza ya ce a bar mata kayan, kada a zama abin dariya. Bayan kamar wata uku aka kawo masa labari cewa surukarsa tana da ciki. Ya ce a fito da ita a ƙone ta. Ana fito da ita, ta aika masa da kayan nan uku, ta ce mai waɗannan shi ne uban cikin, a duba a gane na wane ne. Yahuza ya gane su, ya ce ta fi shi gaskiya, tun da bai ba ta ɗansa Shela ba. Bai sake kusantarta ba. Ta haifi tagwaye, Feresa da Zera.

To, labarin soyayya ne ko na cin amana? Wa ya ci amanar wa?

Ana yawan jera zanen cikin hotunan ƙauna da yaudara, amma nassin ko sau ɗaya bai ce wani yana son wani ba. Sha'awa ce ta tsayar da Yahuza a hanya. Tamar kuma haƙƙinta take bi. Mai kallon da bai san labarin ba zai ɗauka mace ce mai makirci ta kama dattijo da tarko, alhali cin amanar farko daga wajen namijin ta fito. Alkawari kaya ne, shi kuwa ya ɗauka ya yar. Ya ɗaure yarinya a gidan ubanta, ba ta da miji, ba ta da ɗa, ba ta kuma da ikon auren wani, domin a idon jama'a tana jiran Shela.

Ba a cewa abin da Tamar ta yi ba yaudara ba ne. Yaudara ce, mai haɗari kuma, har ta kusa kai ta wuta. Sai dai hukuncin da labarin kansa ya yanke yana bakin Yahuza, kuma a kansa ya ɗora laifin. Mutumin da ya yi saurin cewa a ƙone mace saboda zina, shi ne abokin aikata ta. Wannan shi ne nauyin labarin, kuma shi ne abin da zanen bai ɗauko ba. Amsar da ke magana a kan rufe fuska da buɗe jiki ta ƙara bayani.

Me ya sa dole sai ƙanin miji? Ba za ta iya auren wani ba?

A cikin Bani Isra'ila na dā, in mutum ya mutu bai bar ɗa ba, ɗan'uwansa ne zai auri matar, ɗan farin da aka haifa kuma a lasafta shi na mamacin, ya ɗauki sunansa ya ci gadonsa. An rubuta wannan doka daga baya a Attaura, cikin littafin Maimaitawar Shari'a 25:5-10. Daga nan ake gane abin da ya hana Onan: Er ne ɗan fari, rabon ɗan fari kuwa ninki biyu ne. In Tamar ta haihu, wannan rabon ya kuɓuce wa Onan ya koma hannun yaron da ba za a kira nasa ba.

Ga mace kuma, ɗa shi ne madogararta a gidan miji da lokacin tsufa. Matar da aka bari haka, ba saki ba aure, ba ta da matsayi a ko'ina. Game da yadda Musulunci ya ɗauki irin wannan aure, duba amsar da ke magana a kan Alƙur'ani.

Me ya sa ta nemi hatimi, igiya da sanda, ba azurfa ba?

Domin ba dukiya take nema ba, shaida take nema. A ƙasashen Gabas ta Tsakiya na dā, mutum mai matsayi yana da hatimi na dutse da aka sassaƙa wa alamarsa, sau da yawa mai siffar ɗan gungume da rami a tsakiya, yana rataye shi a wuya da igiya, yana danna shi a kan ɗanyen yumɓu in zai ƙulla ciniki ko yarjejeniya. Sandar shugaban gida ma sananniya ce ga mutanensa. Kamar a yau mutum ya bar wa baƙuwa katin shaidarsa na ɗan ƙasa ne da sa hannunsa. Tamar ta san ranar tuhuma na zuwa, ta kuma san maganar mace ita kaɗai ba za ta tsaya gaban maganar shugaban dangi ba.

A nan Vernet ya yi zaɓi mai kyau. Cikin dukan labarin, miƙa jinginar nan ce mararrabar komai: a lokacin ne iko ya fita daga hannun Yahuza ya koma na Tamar, shi bai sani ba, ita ta sani.

Wane ne Horace Vernet?

An haife shi a Paris ranar 30 ga Yuni 1789, makonni biyu kafin jama'a su fasa kurkukun Bastille, ya rasu ranar 17 ga Janairu 1863. Zane gadon gidansu ne. Kakansa Joseph Vernet ya yi suna da zanen teku da tashoshin jiragen ruwa, ubansa Carle Vernet da zanen dawakai. 'Yarsa Louise ma mai zane ta aura, Paul Delaroche.

Horace kansa da zanen yaƙi aka fi saninsa. Yana ƙaunar sojojin Napoliyon, har a 1822 masu kula da Salon suka ƙi karɓar wasu zanukansa saboda siyasa, ya buɗe ɗakin aikinsa ya nuna su can, jama'a suka yi ta tururuwa. Ya shugabanci makarantar zane ta Faransa da ke Roma daga 1829 na wasu shekaru. Sarki Louis-Philippe ya ba shi aikin cika ɗakunan fadar Versailles da hotunan yaƙe-yaƙen Faransa. An san shi da saurin hannu da ƙarfin riƙe abin da ya gani. Zanukan Littafi Mai Tsarki ɓangare ne ƙarami na aikinsa, amma su ne suka fi tayar da muhawara a kan yadda ya kamata a zana mutanen dā.

Me ake nufi da zamanin Romantik, kuma Vernet yana cikinsu?

Wata guguwa ce ta adabi, kiɗa da zane da ta mamaye Turai daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19, ba ta taƙaita ga soyayya ba. Masu bin ta sun gaji da zanen da ke kwaikwayon gumakan Girka da Roma, mai sanyi da tsari. Suna son motsin rai, tsoro, sha'awa, launi mai zafi, da ƙasashe masu nisa. A Faransa jagororinta su ne Théodore Géricault, wanda abokin Vernet ne, da Eugène Delacroix, wanda ya je Maroko da Aljeriya a 1832.

Vernet yana tsakiya. Batutuwansa na Romantik ne: hamada, baƙuwar shiga, lamari mai tada hankali. Amma hannunsa bai da zafin na Delacroix, wanda fentinsa ke tafasa a kan ƙyalle. Nasa a goge yake, kowane abu a bayyane. Shi ya sa masana ke sa shi cikin masu bin matsakaiciyar hanya, irin zanen da gwamnati da talakawan birni duka suke so.

Me ya sa mutanen Attaura suke sanye da kayan Larabawa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a tarihin zanen. Ɗaruruwan shekaru masu zanen Turai suna sa wa Ibrahim da Yakubu da 'ya'yansu ko dai mayafan Romawa, ko kayan Turawan zamaninsu, ko rawunan Turkawa da suka gani wurin fatake. Vernet ya je Aljeriya a 1833, ya ga makiyaya cikin tantuna, da garkuna, da mata suna ɗibar ruwa a rijiya, sai ya ji kamar shafukan Littafin Farawa ne suke tafiya a gabansa. Ya yanke shawarar cewa shigar Larabawan daji ita ce shigar Ibraniyawan dā, ba ta sauya ba. Ya zana Rifkatu a bakin rijiya a kan wannan ra'ayi, ya zana korar Hajara a 1837, wanda ke gidan tarihi na Nantes, sannan wannan na 1840. Ya kuma kare ra'ayin a rubuce a gaban majalisar masana zane ta Faransa, aka buga shi a 1848.

Akwai gaskiya a cikin tunaninsa. Mutanen labarin makiyaya ne na ƙasar Kan'ana, ba attajiran Italiya ba, kuma mayar da su ƙasarsu da rana da ƙurarta gyara ne. Amma akwai kuskure babba a gindinsa: ɗaukar cewa mutanen Gabas sun tsaya cak shekara dubu uku da wani abu, ba su sauya ɗinki ba, ba su sauya rayuwa ba. Tsakanin zamanin Yakubu da na Vernet dauloli sun tashi sun faɗi, Musulunci ya zo, fatauci ya kawo yadi daga Indiya da wasu wurare. Makiyayin 1840 mutumin 1840 ne, yana da nasa tarihin.

Duk da haka ra'ayin ya yi nasara. Baturen Ingila William Holman Hunt ya tafi Falasɗinu a 1854 don ya zana labaran Linjila a inda suka faru, James Tissot ya bi sahu a ƙarshen ƙarnin. Hotunan littattafan yara na coci da finafinan annabawa na yau, inda kowa ke da mayafin ka da igiya, daga wannan hanyar suka gangaro.

Vernet ya taɓa zuwa ƙasar da abin ya faru?

Ya je. A ƙarshen 1839 ya tashi zuwa Masar tare da almajirinsa Frédéric Goupil-Fesquet, suka wuce Falasɗinu da Sham, suka dawo a 1840, shekarar da ya yi wannan zane. Sun tafi da na'urar ɗaukar hoto ta Daguerre, wadda a watan Agustan 1839 ne aka bayyana wa duniya yadda take aiki. A ranar 7 ga Nuwamba 1839 suka ɗauki hoto a Iskandariya a gaban Muhammadu Ali Basha, mai mulkin Masar a lokacin, yana cikin hotunan farko da aka taɓa ɗauka a nahiyar Afirka. Mutumin da yake yawo da irin wannan na'ura, ba mamaki zanensa ya fito da kamar hoton kyamara.

Raƙumin yana cikin nassi?

Babu shi. Sura ta 38 ta ambaci tumaki da ɗan akuya, ba ta ce Yahuza a kan raƙumi ya zo ba. Vernet ne ya ƙara shi, don ya cike bayan hoton, ya kuma sanar da ɗan Paris nan take cewa Gabas ake. Ya zana shi da kulawar ɗan gidan masu zanen dabbobi, har wasu masu kallo sun fi daɗewa a kansa fiye da kan mutanen.

Me ya sa ya rufe mata fuska amma ya buɗe jikinta?

Rufe fuskar daga nassi yake, in babu shi labarin ba zai yiwu ba, don suruki zai gane matar ɗansa. Buɗe jikin kuwa na Vernet ne. Nassin ya ce ta lulluɓe kanta, bai ce ta yaye komai ba.

Dalilin yana Paris, ba a Enayim ba. A Salon na wancan lokaci ba a yarda a rataye hoton mace tsirara haka kawai, sai an fake da tatsuniyar Girkawa, ko labarin Littafi Mai Tsarki, ko ƙasa mai nisa. Wannan zane ya haɗa biyu daga ciki. Mace mai lulluɓi kuma ta daɗe tana damun tunanin matafiyan Turai, suna ɗokin ganin abin da aka ɓoye musu. Sai Vernet ya ba su duka: idanu a bayan mayafi, jiki a fili. Ka lura kuma fatarta ta fi ta Yahuza haske sosai, daidai da abin da masu saye a Paris suke ɗauka kyau.

A ganina nan ne zanen ya zalunci Tamar. Matar da ke cikin nassi ta binne maza biyu, an yi mata ƙarya shekara da shekaru, ta fito ta sa ranta a tafin hannu. Babu takaba a wannan hoto, babu tsoro, babu alamar shekarun jira. An tsayar da mai kallo a inda Yahuza ya tsaya, yana ganin abin da Yahuza ya zaci ya gani. Mai zanen ya yi wahalar tabbatar da gaskiyar sirdin raƙumi, bai yi irin wannan wahala a kan gaskiyar matar ba.

Mene ne haɗin zanen da mulkin mallaka?

Faransa ta kama birnin Aljiyas a 1830, kuma a inuwar sojojinta Vernet ya shiga Aljeriya bayan shekara uku. Hannun da ya zana Yahuza shi ne ya zana yadda Faransawa suka kama birnin Kusantina na Aljeriya a 1837, shi ne kuma ya zana harin da sojojin Faransa suka kai wa sansanin Amir Abdulƙadir, jagoran Aljeriyawa masu yaƙar mamayar, a 1843, hoton da ya haura mita 21 a tsawo, aka gama shi a 1845, yana Versailles har yau. Mutanen da yake kallo a matsayin jikokin Ibrahim masu tsarkin rayuwa, su ne mutanen da yake zana ana fatattaka.

Abubuwan biyu ba sa karo da juna kamar yadda ake zato. In ka yarda cewa wata al'umma ba ta motsa ba tun zamanin annabawa, sai ya yi maka sauƙi ka ce tana bukatar wanda zai zo ya motsa ta. Wannan shi ne irin tunanin da Edward Said, masani ɗan asalin Falasɗinu, ya yi wa fiɗa a littafinsa na 1978 a kan yadda Turai ta ƙera wa kanta siffar Gabas. Mai karatun da kakanninsa suka ga zuwan Faransawa Damagaram ko Ingilishi Kano ba zai sha wuyar gane wannan kallo ba.

Labarin yana cikin Alƙur'ani? Yahuza annabi ne?

Labarin Tamar ba ya cikin Alƙur'ani. Yahuza kansa ba a ambaci sunansa ba, yana dai cikin 'yan'uwan Annabi Yusuf (AS). A aya ta 10 ta Suratu Yusuf, ɗaya daga cikinsu ya ce kada a kashe Yusuf, a jefa shi rijiya. Malaman tafsiri sun saɓa a kan ko wane ne: wasu sun ce Yahuza, wasu Rubilu, wasu Sham'un. Sun kuma saɓa a kan annabcin 'yan'uwan. Ibn Kasir ya ce babu dalili tabbatacce da ya nuna annabawa ne. Labarai irin wannan da suka zo daga littattafan Bani Isra'ila, malamai suna kiransu Isra'iliyyat, ba a kafa hukunci a kansu.

Ta fuskar shari'a, aya ta 23 ta Suratun Nisa'i ta haramta wa mutum matar ɗansa na cikinsa, aya ta 19 kuma ta hana a gāji mata a kan tilas. Ƙanin miji zai iya auren matar wansa bayan ta gama takaba in ta yarda, kamar yadda ake yi a ƙasar Hausa, amma ɗan da aka haifa na ubansa ne, ba na mamaci ba. A Attaura ma, Littafin Firistoci 18:15 ya haramta matar ɗa.

Ga Yahudawa da Kirista kuwa, labarin yana da babban matsayi saboda zuriya. Daga Feresa aka samu Bo'aza, da Yesse, da Dawuda, kamar yadda ƙarshen Littafin Rut ya jera. Matiyu 1:3 ya ambaci Tamar da suna a asalin Yesu, tana cikin mata biyar kacal da aka sa a wannan jeri.

Me ya sa labarin ya faɗo a tsakiyar ƙissar Yusuf?

Sura ta 37 ta ƙare da sayar da Yusuf, ta 39 ta ɗauko shi a gidan Fotifar a Masar, ta 38 kuma ta ratsa tsakani kamar baƙuwa. Amma malaman Yahudawa tun dā sun lura da zaren da ya ɗinke su. A sura ta 37 Yahuza ne ya ba da shawarar a sayar da Yusuf. Suka yanka akuya, suka tsoma rigarsa a jini, suka kai wa ubansu suka ce ya duba ya gane ko ta ɗansa ce. A sura ta 38 akuya ta sake shigowa, tufa ta sake ruɗin mutum, aka kuma aiko wa Yahuza da kaya da irin wannan magana: duba ka gane. Wanda ya ruɗi ubansa da riga, da mayafi aka ruɗe shi. Daga baya, a sura ta 44, shi ne ya tsaya gaban Yusuf ya ce a riƙe shi bawa a madadin Biliyaminu. Mutumin ya sauya, kuma a ranar da ya ce Tamar ta fi shi gaskiya sauyin ya fara.

Vernet ya zana wancan labarin ma a 1853, 'yan'uwan suna ɓata rigar Yusuf da jinin akuya, kuma shi ma yana gidan Wallace. Wanda ya je ya nemi ganin su biyun tare.

Ita ce Tamar 'yar Dawuda?

A'a. Waccan tana 2 Sama'ila sura ta 13, 'yar'uwar Absalom ce, wadda ɗan'ubanta Amnon ya yi wa fyaɗe. Tsakaninsu akwai tsara masu yawa. Masu neman hoton a intanet suna yawan haɗa su, don haka a sa sunan Yahuza cikin abin da ake nema.

Yaya mutanen zamanin Vernet suka karɓi aikinsa?

Jama'a sun so shi ƙwarai. Ana sassaƙa zanukansa a farantin ƙarfe a buga da yawa, musamman ta hannun Jean-Pierre-Marie Jazet, har suka shiga gidajen da ba za su iya sayen fenti ba. A babban baje kolin duniya na Paris a 1855 an ware masa ɗaki nasa shi kaɗai. Mawaƙin Jamus Heinrich Heine, da yake zaune a Paris, ya tsaya a kan wannan zane na Yahuza da Tamar cikin wasiƙunsa na 1843.

Masu sharhi da yawa kuwa ba su ga zurfi a aikinsa ba. Wanda ya fi kowa zafi shi ne Charles Baudelaire, wanda a 1846 ya kira shi soja mai yin fenti, ya ce a fili yana ƙin aikinsa. Bayan rasuwar Vernet sunansa ya dusashe, na Delacroix ya ɗaukaka. An sake waiwayarsa da babban nuni a Versailles daga Nuwamban 2023 zuwa Maris na 2024.

Akwai wasu da suka zana wannan labari?

Akwai, musamman a Holan ta ƙarni na 17, cikin almajiran shahararren mai zane Rembrandt. Ferdinand Bol ya zana shi a 1644, Aert de Gelder ma ya zana shi fiye da sau ɗaya. A wurinsu Yahuza yakan fito da rawani da kayan alfarma, Tamar kuma a suturce. A zamanin Vernet, Francesco Hayez na Italiya ya zana Tamar ita kaɗai a 1847, riƙe da sandar da ta karɓa, idonta a ƙasa. Shi ma bai rufe mata ƙirji ba, amma ya cire Yahuza daga hoton, ya bar mai kallo da fuskar mace mai tunanin abin da ke gabanta. In aka ajiye shi kusa da na Vernet, ana ganin abin da aka faɗa a amsar rufe fuska da buɗe jiki ƙarara.

Yaya zanen Bafaranshe ya ƙare a Landan, kuma yaya zan gan shi?

Ta hannun wani basaraken Ingila, Richard Seymour-Conway, mai sarautar Hertford na huɗu, wanda ya yi yawancin rayuwarsa a Paris yana sayen zanuka, kuma yana son aikin Vernet har ya tara da dama. Da ya rasu a 1870 tarin ya koma hannun Richard Wallace, wanda ya kwaso mafi yawansa zuwa Landan. Matar Wallace ta bar wa ƙasar Birtaniya shi a wasiyya a 1897, aka buɗe wa jama'a a 1900.

Gidan yana Hertford House, a dandalin Manchester Square, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Bond Street, kuma shiga kyauta ne. Tun 2019 gidan ya fara ba da aron kayansa ga wasu gidajen tarihi, saboda haka a duba shafinsu na intanet kafin a tafi, a tabbatar zanen yana bango. Wanda ba zai samu zuwa ba, zai ga hotonsa a shafin nasu, yana iya faɗaɗa shi ya duba aikin tufafin da sirdin da kyau.